Mutuwar Wando Mai Kamun Gwiwa: Nazari a Kan Dalilan da Masana Ke Bayarwa

Duk wanda ya duba hotunan 'yan makarantar firamare na ƙasar Amurka waɗanda aka ɗauka tsakanin 1910 da 1935, abin da zai fara lura da shi shi ne, yara maza kusan duk shigarsu iri ɗaya ce: kwat, da hula mai baki, da doguwar safa, da wani wando mai buhu-buhu wanda ya tsaya a gwiwa aka tsuke bakinsa. In kuwa ya ɗauko hotunan 1950, da ƙyar zai ga ko guda. Tufar da kusan kowane yaro ya sa har tsawon shekara talatin ta ɓace cikin abin da bai wuce shekara goma sha biyar ba, babu dokar da ta hana ta, babu kuma wanda ya yi shelar a daina. Manufar wannan maƙala ita ce a auna dalilan da aka saba bayarwa game da wannan ɓacewa, a ga wanne ne zai iya tsayuwa da ƙafarsa. Abin zai yi kama da ƙaramar magana, amma tambayar da ke ƙarƙashinsa babba ce ga mai nazarin al'ada: me ke kashe tufar da take alama ce ta matsayi?

Tilas ne a fara da suna. Turawa na kiran wandon nan nikaboka, in sun taƙaita su ce nika. A nan za a riƙa kiransa wando mai kamun gwiwa, bisa kwaikwayon yadda Bahaushe ya kira wandon da aka tsuke bakinsa a idon sawu kamun ƙafa. Asalin sunan Turancin daga adabi ya fito. A 1809 marubucin nan Washington Irving ya wallafa wani littafin barkwanci a kan tarihin birnin New York, ya jingina shi ga wani tsoho ɗan asalin Holan wanda ya ƙaga, ya raɗa masa Diedrich Knickerbocker. Sunan ya bi jikokin mutanen Holan da suka fara kafa birnin, daga baya kuma ya koma kan irin wandon da masu zane suka riƙa sa wa waɗannan mutane a cikin bugun littafin masu hotuna. Wajen ƙarshen shekarun 1850 aka fara jin kalmar a Ingila da ma'anar wando, a shekarun 1860 kuwa har teloli sun soma ɗinka wa yara maza kwat mai irinsa.

Akwai bambancin da marubuta da yawa kan yi sakaci da shi. Daga shekarun 1870 zuwa farkon ƙarni na 20, wandon da ya fi yawa a jikin yaran Amurka matsattse ne, yakan tsaya a gwiwa ba tare da buhu ba, da maɓallai uku a gefe. Mai kamun gwiwa na ainihi, wanda ake yanka shi da tsawo sa'an nan a tattare bakinsa da maɗaurin ƙarfe irin na bel har yadin ya zubo, sai wajen 1910 ya kori wancan ya zama na kowa da kowa. Lewis Hine, wanda ya fara ɗaukar hotunan yara 'yan ƙwadago a 1908 domin wani kwamitin yaƙi da sa yara aiki, ya bar shaidar wannan canji a jikin yara masu tallar jarida. Wanda bai rarrabe wandunan nan biyu ba zai ba mai kamun gwiwa shekarun da bai yi ba, ya kuma kasa gane dalilin tafiyarsa.

Dalilin Yaƙi

Dalilin da ya fi yawo a bakin jama'a da ƙananan rubuce-rubuce shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. Ana cewa yadi ya yi wuya, gwamnati ta ƙayyade ɗinki, wando mai buhu kuwa cin yadi ne da shi, don haka aka bar shi. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. A watan Maris na 1942 hukumar da ke kula da sarrafa kayayyaki domin yaƙi a Amurka ta kafa ƙa'idoji a kan tufafin ulu na maza, ta hana naɗe bakin wando, ta kuma hana sayar da kwat mai wando biyu. Roba ma ta yi wuya bayan Japan ta mamaye Malaya a farkon wannan shekara, ga shi kuwa a shekarun 1930 masu ɗinki sun riga sun koma sa saƙaƙƙen baki mai talewa a maimakon maɗaurin ƙarfe, safar da ake haɗawa da wandon ita ma tana bukatar abin da zai riƙe ta.

Sai dai dalilin nan ba ya jure tambaya biyu. Ta farko: in ƙarancin yadi ne ya kashe wando mai tsayawa a gwiwa, yaya aka yi magajinsa ya zama dogon wando mai kaiwa idon sawu? Mai tsimin yadi ba ya ƙara wa wando tsawo. Ta biyu ta fi wannan ƙarfi. Ingila ta fi Amurka shan wuyar yaƙin nesa ba kusa ba, an yi rabon tufafi da kati daga Yuni 1941 har zuwa Maris 1949. Amma yaran Ingila sun riga sun bar wando mai kamun gwiwa tun bayan Yaƙin Duniya na Farko, suka koma gajeren wando mai barin gwiwa a waje, irin wanda ƙungiyar Sikawut ta Baden-Powell ta yayata tun daga 1908, kuma a cikinsa suka zauna har shekarun 1950 da 1960. Ke nan a wata ƙasa wandon ya mutu shekara ashirin kafin yaƙin da ake ɗora wa laifi, a ɗaya ƙasar kuma ya mutu ta hanyar da ta saɓa wa hankalin tsimi. Iyakar abin da za a iya ba yaƙi shi ne ya iske mara lafiya a kwance ya ƙarasa shi.

Shaidar rashin lafiyar kuwa tana nan a kundin tallar kaya na kamfanin Sears, Roebuck, wanda a da ake aika wa gidaje ta gidan waya har ƙauyuka. Tun ƙarshen shekarun 1920 kundin ya fara nuna dogayen wanduna na yara ƙanana, ana kuma sayar da kwat ɗaya da wando biyu, ɗaya mai kamun gwiwa ɗaya dogo. Ɗan kasuwa ba ya yin haka sai ya ga gida ya rabu biyu: uwa na son wannan, yaro na son wancan, shi kuma yana son kuɗin su duka.

Littattafai Biyu

Daga cikin ayyukan masana, biyu ne suka fi cancanta a tsaya a kansu, ko da yake babu wanda aka rubuta musamman domin wannan wando.

Na farko shi ne na Jo Paoletti mai suna Pink and Blue, na 2012, wanda ya bi diddigin yadda Amurkawa suka fara rarrabe tufafin yara maza da na mata. Paoletti ta nuna cewa a ƙarni na 19 jariri namiji da mace duk farar riga ake sa musu, kuma abin da tufa ke faɗa a lokacin shi ne shekarun yaro kafin jinsinsa. Ta ba da muhimmanci ga shigar nan da ta samo suna daga littafin Frances Hodgson Burnett na 1886, Little Lord Fauntleroy, watau kwat ɗin karammiski da wuyan leshi da wando iya gwiwa da gashi har kafaɗa, wadda iyaye mata suka yi ta ɗora wa 'ya'yansu. Ra'ayin da ake fitarwa daga nan shi ne, yaran da aka yi wa wannan ado suna ji suna gani, da suka girma suka zama iyaye, sai suka ƙi duk wata tufa mai sa ɗa namiji ya yi kama da 'yar tsana. Wannan bayani yana da kyau ga leshi da karammiski da dogon gashi. Ga wando mai kamun gwiwa kuwa bai isa ba, domin shi ba a taɓa ɗaukarsa kayan mata ba. Wandon wasa ne da faɗa da hawan katanga, galibi na yadi mai kauri mai layi-layi wanda kan yi ƙara in yaro na tafiya. Hasali ma mutanen da suka tsani shigar Fauntleroy su ne suka saya wa 'ya'yansu shi. Ban da haka, hankalin littafin yana kan jarirai da ƙananan yara, alhali rigimar wandon nan a kan ɗan shekara goma sha biyu zuwa sha biyar aka yi ta.

Na biyu ya fi kusa da bakin zaren. Daniel Thomas Cook, a littafinsa na 2004, The Commodification of Childhood, ya karanta mujallun 'yan kasuwar tufafin yara tun daga wadda George Earnshaw ya kafa a 1917, ya nuna yadda manyan kantuna suka ware wa yara sashensu, suka kasa shi bisa shekaru, sa'an nan a shekarun 1930 suka daina duban kaya da idon uwa suka koma dubansu da idon yaro. Daga lokacin aka fara tsara kanti yadda yaro zai ga kayan waɗanda suka girme shi ya yi sha'awarsu. Wannan ra'ayi yana fassara kwat mai wando biyu sarai. Inda aikin ya gaza shi ne wajen shaidu. Muryar da ake ji a cikinsa ta mai kanti ce da mai talla, su kuwa kullum sukan ɗauka su ne ke juya duniya. Kuma ƙarshen littafin ya karkata ga tufafin 'yan mata. Mai karatu zai fita da zaton kasuwa ce ta koya wa yaro ƙin wandonsa, alhali ƙiyayyar ta girmi tallar. Abin da kasuwa ta yi shi ne ta gano ƙiyayyar ta mai da ita kuɗi.

Abin da Wandon Ke Faɗa

Wando mai kamun gwiwa magana ɗaya yake yi, ita ce: mai wannan bai zama mutum ba tukuna. Ranar da aka saya wa yaro dogon wando na farko rana ce da ake tunawa, kuma uba ne ko uwa ke yanke lokacinta, sau da yawa in yaro ya gama firamare ko ya kama aiki. Adabin wasan kwaikwayo na Amurka ya adana wannan fiye da littattafan tarihi. A fim ɗin barkwanci na Frank Capra na 1927 mai suna Long Pants, Harry Langdon ya fito a matsayin saurayin da uwarsa ta tsare shi cikin wando iya gwiwa domin kada ya lalace, ranar da ya sami dogo kuwa sai ya faɗa tarkon wata mace 'yar duniya. 'Yan kallo sun yi dariya ne domin sun san tsoron uwar, a gidajensu ma akwai shi.

Misalin da ya fi wannan armashi yana cikin wasan The Music Man na Meredith Willson, wanda aka fara nunawa a 1957 amma labarinsa na 1912 ne a wani ƙaramin gari na jihar Iowa. Wani ɗan damfara yana tsorata iyaye da cewa 'ya'yansu sun kama hanyar lalacewa, daga cikin alamomin da ya lissafa har da yaron da zai fita daga gida ya kwance maɗaurin wandonsa ya mai da shi ƙasan gwiwa. Willson an haife shi a Iowa a 1902, ya san abin da yake faɗa. Uwa ta ɗaure a saman gwiwa, yaro ya sha kwana ya sauke shi ƙasa, tazarar ba ta wuce inci uku ko huɗu ba, amma a cikinta duk rigimar take. Tun wandon na kan ganiyarsa masu sa shi suke neman tsawo. Tufar da mai ita ke ƙi ba ta rayuwa sai da mai tilastawa, don haka tambayar da ta kamata a yi ita ce yaushe tilas ɗin ya sassauta, kuma me ya sassauta shi.

A nan ne ya kamata a shigo da makaranta, abin da masu tarihin tufafi ba su cika yi ba. Masaniyar tattalin arziki Claudia Goldin ta nuna cewa a 1910 kashi 9 cikin 100 kacal na matasan Amurka ke gama sakandare, amma a 1940 sun haura rabi. Kafin wannan canji iyaka a fili take: yaro ya bar makaranta wajen shekara goma sha huɗu, ya kama aiki, ya sa dogon wando, albashi da wando suka zo tare. Da sakandare ta zama ta kowa, sai aka sami miliyoyin samari 'yan shekara sha biyar zuwa sha takwas, ga gemu ya fara tsiro, ga su har yanzu a hannun iyaye. Dokar ƙwadago ta 1938 ta ƙara rufe musu ƙofar masana'antu. Ba zai yiwu a tsare irin waɗannan a wando iya gwiwa ba, sai aka mai da shiga sakandare ita ce iyaka. To, da zarar dogon wando ya rabu da albashi ya zama kayan ɗan makaranta, babu sauran hujjar hana ƙanensa. Ɗan sha uku ya ga ɗan sha huɗu, ɗan goma ya ga ɗan sha uku, iyakar ta yi ta gangarowa shekara bayan shekara har ta iso ga yaron da bai fara makaranta ba. Makarantun gwamnati na Amurka kuwa galibi ba su da yunifom, babu hedimasta da zai tsaya a ƙofa ya ce a koma gida a sake. Hukuncin ya rage tsakanin uwa da ɗanta a gaban mai kanti, kuma an riga an ga ɓangaren da mai kanti ya zaɓa.

Wani abu ya ƙara dagula alamar, daga sama wannan karon. A shekarun 1920 manyan maza masu hali suka ɗauki wandon domin wasan golf, aka ƙara masa inci huɗu ƙasa da gwiwa domin ya zubo sosai. Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Takwas, ya ƙara masa farin jini a Amurka lokacin ziyararsa ta 1924, gwanayen wasan irin su Bobby Jones da Gene Sarazen kuma a cikinsa aka san su. Sai ga uba da wando iya gwiwa ranar hutu, ga ɗansa ƙarami da dogo ranar coci. Mai yiwuwa yayin nan ya ɗan ja wa wandon yara kwana, tun da har kantuna sun riƙa tallarsa da sunan wandon golf. Amma ya ɓata ma'anarsa, kuma da manya suka yar da yayin a shekarun 1930, na yaran ya rasa ko wannan 'yar inuwar.

Har ila yau akwai rabin maganar da kusan kowa ke mantawa. Abin da ya mutu kaya ne mai haɗe: kwat da wando da safa da hula. Ko da wandon ya tsira, kwat ɗin zuwa makaranta ba zai tsira ba. Karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta sa gidaje da yawa sun koma suwaita da wando, masana tarbiyya na lokacin suna ta kiran a ɗinka wa yara tufafin da za su iya sa wa kansu, masu sayar da zif suna talla da wannan hujja. Wando mai maɗauri biyu da safar da kullum take zamewa ba shi da wurin zama a wannan tsari. Bayan 1945 wandon jins da riga mai gajeren hannu suka cike gurbin, su kuwa ɗan shekara biyar da ɗan shekara hamsin duk ɗaya suke sawa.

Inda Ya Rage

Wandon bai ɓace ƙurmus ba, ya maƙale a wuraren da doka ko al'adar ƙungiya ke riƙe da tufa. 'Yan wasan besbol sun daɗe a cikinsa, wasu har yanzu, wandon ƙwallon ƙafa irin na Amurka ma jikansa ne. Ɗan wasan golf Payne Stewart ya mai da shi tambarinsa har rasuwarsa a 1999. Tintin, ɗan jaridar nan na littattafan zane na Hergé ɗan ƙasar Beljiyam, wanda ya fara fitowa a 1929, bai cire nasa ba sai a littafin 1976, shekara talatin bayan yaran da ke karanta shi sun daina sawa.

Kalmar kuwa ta fi wandon tsawon rai, ta kuma rarrabu yadda zai ba mai nazarin harshe sha'awa. A New York ta zama sunan ƙungiyar ƙwallon kwando da aka kafa a 1946. A Ingila ta koma nufin ɗan kamfai na mata, har Ba'amurke kan sha kunya in ya faɗe ta da tsohuwar ma'ana. A Indiya da Nijeriya da Gana kuwa, inda ta shiga ta bakin ma'aikatan mulkin mallaka da makarantunsu, nika na nufin gajeren wando, irin wanda aka sa wa soja da ɗan doka da ɗan makaranta.

Wannan reshe na ƙarshe shi ne ya fi amfani wajen gwada ra'ayin da aka kawo a sama. In har gaskiya ne cewa alamar shekaru a tsawon wando ta mutu a Amurka domin an rasa mai tilasta ta, to ya kamata a same ta da rai a inda mai tilastawa bai kau ba. Haka kuwa abin yake. A Ingila makarantu masu yunifom ne suka riƙe gajeren wando bayan gidaje sun sake shi. A makarantun sakandare da yawa na Nijeriya, musamman na kwana, har yau ƙananan ɗalibai gajeren wando suke sawa, manya dogo, kuma dokar makaranta ce ta yanke haka, ra'ayin yaro da na mai kanti ba su shiga ciki. Ɗalibin da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare yakan tafi wurin tela lokacin dogon hutu a auna shi har idon sawu, ya dawo zangon farko ƙananan yara na kauce masa a hanya.